Ƙafar Malam Ishaya

Assalamu alaikum wa rahmatullahi.

Zuwa ga autana Nasiru, tare da gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ka lafiya a Kaduna, Ya tsare ka a mota, Ya tsare ka a jirgi, Ya sauke ka Ingila cikin aminci, Ya haɗa ka da mutanen kirki. Mahaifiyarka tana gaishe ka, yayyenka ma haka.

Na san za ka ce Baba ya tsufa, ga waya a aljihu yana rubuta wasiƙa kamar muna zamanin gidan waya. Da dalili. In na kira ka, kafin in kai inda za ni ka riga ka jefo wata magana na fashe da dariya, katin ya ƙare ban faɗi komai ba. Takarda kuwa ba ka da yadda za ka katse ta. Ka nemi wuri ka zauna, doguwa ce.

Ka roƙe ni littattafan nan goma sha ɗaya da ke cikin akwatin ƙarfe, waɗanda na rubuta wasannin Ticha Ɗingishi a ciki. Ka ce masu gidan wasan da suka gayyace ka sun ga ɗan bidiyon da ka yi kana kwaikwayon Ticha, sun yi dariya har da riƙe ciki, kuma shi suke so ka mayar Turanci ka yi musu tsawon shekara. Ka ce gadonka ne. Na ce zan yi tunani, ka ji muryata ta canza, ka zaci rowa ce. Ba rowa ba ce. Ticha Ɗingishi mutum ne, yana raye, yana garin nan, sunansa Malam Ishaya. Kai ka taso ya riga ya bar gari, waɗanda suka san zancen kuma ba sa yin sa a gabanka. Ni da ya kamata in gaya maka, kunya ta hana ni.

Malam Ishaya mutumin kudancin Kaduna ne, Kirista. Yana matashi aka turo shi koyarwa firamaren da na yi, ya zo da akwatin katako ɗaya da keke da amaryarsa, wadda duk gari ya koma kira Mama Saratu. Ita tana suyar ƙosai a bakin kasuwa, shi yana riƙe da aji huɗu. Ni kuwa a lokacin babu wanda ya kai ni rashin ji. Ba karatu, sai kwaikwayon mutane. In ladan ya yi tari, na ɗauka. In hedimasta ya ja wando sama, na ɗauka. Wata rana ina tsaye gaban allo ina yi wa 'yan aji tafiyar hedimasta, ban san Malam yana taga ba. Da na juyo na gan shi, na miƙa hannu tun kafin ya ɗauko bulala.

Bai ɗauko ba. Ya ce, "Haruna, sake yi in gani."

Na sake.

Ya ce, "Ka iya. Amma abin da ka yi yanzu gobe ka manta shi. Ungo." Ya buɗe durowa ya ba ni sabon littafin rubutu. "Duk abin da za ka yi, ka rubuta shi tukuna. Wa ya shigo, me ya ce, me aka ce masa. Ranar Juma'a ka kawo mini."

Daga nan na zama marubuci, in dai har na zama. Ƙarshen shekara ya haɗa bencina ya ɗaure su da igiya, Mama Saratu ta ba da zannuwanta biyu aka yi labule, muka yi wasa gaban iyaye. Kakanka da ya rantse ba zai zo kallon shirme ba, a sahun gaba na hango shi yana rufe baki da hannun riga. Bayan an tashi Mama Saratu ta juye mana ƙosai a faranti, ta ce nawa kashi biyu ne, wai ni na fi kowa wahala. Har yau ban ci ƙosai mai daɗin wannan ba.

Ranar Asabar yakan kwashe mu zuwa bakin daji. Kai ka taso dajin nan ya zama abin tsoro, don haka da wuya ka gane. A lokacinmu wurin yawo ne. Kaɗanya da lokacinta, ɗinya da nata, ɗorawa kuwa mu sha har leɓunanmu su yi rawaya. Mu bi sawun gada, birai su yi ta zaginmu daga sama. Fulani su ba mu nono a ƙoƙo, matan Gbagyi su wuce da itace a kafaɗa suna yi mana tsiya. Malam ya tsaya gindin kowace bishiya ya tambaye mu sunanta da Hausa, ya tambayi mai wucewa sunanta da Gbagyi ko Fulatanci, ya rubuta, sannan ya ba mu na Turanci in ya sani. In azahar ta yi shi ke duba agogo ya ce, "Musulmi, lokacinku ya yi," ya kwance butar da yake ratayewa a kekensa saboda mu. Ya koma gefe ya zauna da sauran yara har mu idar.

Ƙafar kuma ga yadda aka yi. Da damina mukan koma ƙauyenmu da ke bayan gari, iyaye su janye mu daga makaranta saboda noma. Shi kuma ya hau keke ya bi gida gida yana roƙo a sako masa yaransa. A irin wannan yawo ne keke ya zame da shi a wani rafi, ƙafar hagu ta karye, maɗori ya ɗora ta, ta kama a karkace. Ban sani ba ko gidanmu ya nufa ran nan. Amma hanyarmu ce, kuma sati na biyu ke nan ban je aji ba. Tun daga lokacin yake jan ƙafar, takalminsa na sharar ƙasa, sai ka ji zuwansa kafin ka gan shi. Duk wannan na sani, Nasiru. Ka riƙe shi a ranka kana karanta sauran.

Kuskurena na farko shi ne yadda na bar gida. Ina da shekara ashirin da biyu, noma ya ishe ni, gari ya yi mini kaɗan. Wata motar goro da za ta koma Kumasi ta tsaya gyaran taya a tasha, na yi magana da direba, na hau. Kakarka na ce mata za ni Kaduna kwana uku. Malam Ishaya kuwa na wuce ta ƙofar gidansa yana wanke keke, ya ɗaga mini hannu, na ɗaga masa, ko tsayawa ban yi ba. Kwana ukun nan suka zama shekara ashirin da ɗaya, kakarka ta rasu ina can. Don haka kada ka ce mini lokaci ya ƙure, jirgi ba ya jira. Ka zo gida ka yi sallama ta gaskiya. Ka shiga ɗaki ɗaki, ka durƙusa, ka bari tsofaffi su yi maka doguwar addu'arsu ko da gwiwarka ta gaji. Ba ka san wanda za ka dawo ka tarar ba.

A zangon Kumasi na fara da dakon huhun goro. Hausawa ne cike da unguwar, amma yawancinsu can aka haife su, Arewa labarinta kawai suke ji. Suna ce mini ɗan Najeriya, suna dariyar yadda barkononsu ke sa ni hawaye. Wata rana da la'asar aka yi suna gidan wani babban dillalin goro, makaɗa suka makara, wani da ya san ina ba 'yan dako dariya ya tura ni tsakar fili. Na yi tafiyar hedimasta, shiru. Na yi tarin ladan, shiru. Ba su san mutanen ba, me zai ba su dariya? Wata tsohuwa ta ɗaga murya ta ce, "Wannan ɗan wa ne? A ba shi abinci ya zauna mana."

Ban san lokacin da na karkace ƙafar hagu na ja ta a ƙasa ba, na ɗaga yatsu kamar mai riƙe da alli, na ce, "Yara, ku yi shiru!" da muryar Malam. Fili ya ɗauka. Mata suna faɗawa kan juna, maigidan ya taso da kansa ya liƙa mini kuɗi a goshi. Ran nan aka samu Ticha Ɗingishi, kuma ran nan na yi sallama da dako.

Wannan shirun zai same ka, Nasiru, ko ba a watan farko ba. Za ka tsaya gaban mutanen da ba su san ka ba, ka jefa abin da ya kashe 'yan Kaduna da dariya, ya faɗi ƙasa ko motsi ba a yi ba. A lokacin hannunka zai kai ga abin da ya fi kusa, kuma abin da ya fi kusa kullum naka ne: uwarka, garinka, wanda ya yi maka alheri, don su ka fi sani. Ka jure shirun. Ba ya kisa. Ka yi godiya ka sauka, ka koma ɗaki ka sake rubutu.

Ba zan yi maka ƙarya ba, shekarun da suka biyo baya sun yi daɗi. Daga suna sai biki, daga biki sai dandali, har muka kafa ƙungiyar wasa mu shida, muna zuwa Accra da sauran garuruwan da ke da zango, kayan wasanmu a ɗaure a saman mota. Da safe in zauna a rumfar goro, ganye na ƙamshi, in rubuta wanda ya shigo da abin da ya ce, kamar yadda aka koya mini. A nan na haɗu da mahaifiyarka, wadda har yau take cewa ba ni ta so ba, Ticha ta so, ni biyo shi na yi. Kuma ga abin da ban taɓa gaya wa kowa ba. Kewar gida ta kusa kashe ni a garin nan, kuma babu lokacin da nake jin ina Birnin Gwari sai in na karkace ƙafar nan. Da na ja ta sai in ga barandar makarantarmu, in ji ƙurar alli a hanci. Ina son mutumin nan, ina kewarsa, kuma kullum ina tsaye ina sa a yi masa dariya. In kewa ta kama ka a can, ka kira gida kawai, kada ka kai ta dandali tana ɗanya.

Sai zamanin kaset ya zo. A kaset ba a ganin ɗingishi, to yaya za a yi? Ni na ƙirƙiro dabarar, kuma na daɗe ina alfahari da ita. Na zuba yashi a babban faranti, na zura hannuwa cikin tsofaffin takalma sau-ciki, ina buga ɗaya ina jan ɗaya kusa da makirufo. Taf, shaaa. Taf, shaaa. Kwana uku na yi ina rage yashi ina ƙarawa har ya fito daidai da yadda yake a kunnena. Kafin Ticha ya buɗe baki masu sauraro sun fara dariya.

Kuskuren da ya fi ci mini rai yana cikin littafi na huɗu. Masu kallona duk Musulmi ne, na kuwa lura in Ticha ya taɓo abin coci dariyar ta fi ƙarfi. Sai na ƙara gishiri. Na sa shi yana rera waƙar ibadarsu da muryar akuya, yana manta baiti, yana leƙen abincin masu azumi. Na lalata masa Hausa, alhali Malam Ishaya ya fi ni iya Hausa, shi ya gyara mini rubutunta. Mutumin da yake rataya buta a kekensa saboda sallata ke nan. Babu wanda ya ce mini kul, don babu nasa a wurin.

Yanzu kai za ka je inda kai ne babu naka a wurin. Za su so ka yi musu wasa da sallarka, da azuminka, da hijabin yayyenka, kuma in ka yi za su tafa maka sosai, su ce kai wayayye ne. Za su tambaye ka dajin Birnin Gwari da 'yan bindiga, don shi kaɗai suka ji game da mu. Ban ce kada ka yi wasa da mu ba. Muna da abin dariya, Allah Ya sani, gidanmu kaɗai ya ishe ka shekara. Amma kafin ka faɗi magana a kan mutanenka, ka ɗauka limamin unguwarmu da mahaifiyarka suna zaune a sahun gaba. In za ka iya faɗa suna ji, faɗi. Haka nan in za ka taɓa addinin wani, ka ɗauka shi ma yana zaune. Kuma ka gaya wa masu gidan wasan tun ranar farko cewa kana salla, su san lokutanka. Ni a Kumasi, ga masallaci a kowane lungu, na sha haɗa la'asar da magariba saboda fili ya yi daɗi, ba wanda ya hana ni sai ni.

Sau ɗaya na yi yunƙurin barin Ticha. Na rubuta wani wasa a kan mai cin zuma a dajinmu da ƙaninsa, babu ɗingishi a ciki, kuma ina ganin shi ne abu mafi kyau da hannuna ya taɓa rubutawa. Muna cikin yi mutane suka fara ihu, "Ticha muke so! A kawo Ticha!" Na shiga bayan labule na fito ina jan ƙafa, aka yi tafi, ban sake buɗe wancan littafi ba, ban ma san inda ya shiga ba. A zango babu mai ce mini Haruna, har mai gidan haya Ticha yake kirana. Abin da aka fara sanin ka da shi a baƙon wuri yana manne maka, ɗana. Ka zaɓe shi da kyau, kuma in ka gwada sabo aka ƙi, ka sake gwadawa, kada ka yi irin tawa.

Ban taɓa kawo wa raina kaset zai iso gida ba. Wautata ke nan, kamar ba a motar goro na tafi ba. Direbobi suka saya suna sawa a hanya, suka sauke shi a tashar Birnin Gwari, masu shayi suka ɗauka. Ban ambaci suna ba, amma wa yake buƙatar suna? Rabin garin sun zauna a ajinsa. Suna jin takun nan suka ce Malam Ishaya ne.

Wani direba ɗan unguwarmu ne ya kawo mini labari, yana ba ni yana dariya, a ganinsa albishir ne. Ya ce, "Haruna, ai ka gama da gari! Malam ba ya iya ratsa kasuwa, 'yan tasha sai su jera a bayansa suna jan ƙafa. 'Yan ajinsa ma in ya juya allo sai su yi masa shaaa da takalmi. Matarsa kuwa an mayar da ita Matar Ɗingishi, masu sayen ƙosai sai sun rera mata waƙar nan taka kafin su karɓa. Rannan ta watsa wa wani ƙullu a riga, ta kwashe kaskonta, ba ta sake fitowa ba."

Na ce, "Shi Malam me ya ce?"

Ya ce, "Me zai ce? Ya nemi canji, an mayar da shi wani ƙauye bayan Gayam."

Na yi kwana biyu abinci bai yi mini daɗi ba. A rana ta uku mai buga kaset ya zo da maganar na biyar, na ɗauko littafi na zauna. Na gaya wa kaina ɓarnar ta riga ta faru, ga iyali, ga 'yan ƙungiya suna ci a ƙarƙashina. Bakwai na yi bayan wannan labari. Ba rashin sani ba ne, kada ka nema mini uzuri. In wani ya zo ya ce maka wasanka ya cuci mutum, ranar za ka tsaya, ba bayan ka gama wanda ke hannunka ba. Na gaba kullum yana nan yana jira, kuma kullum da dalilinsa mai kyau.

Da bidiyo ya kashe kasuwar kaset, ƙungiya ta watse, na kwaso ku muka dawo, kana da shekara huɗu. Na buɗe shagon littattafai da kayan makaranta da ka taso ka gani. Malam ya yi ritaya, ya ci gaba da zama a ƙauyen yana noma. Tafiyar awa ɗaya ce a babur, kuma a lokacin hanya lafiya lau. Ban je ba. Sau biyu na hango shi ranar kasuwa, sau biyu na shige bayan rumfar masu hatsi har ya wuce, ni da nake tsayawa gaban taro ko gezau. Sai na ɓullo da dabarar matsorata. Duk Kirsimeti in aika da shinkafa da kaji biyu ta hannun mai babur, ba takarda, ba saƙo. A karɓa, a aiko da godiya, ni kuma in ɗauki godiyar in mayar da ita yafiya a raina. In ka yi wa mutum laifi, Nasiru, ka kai masa bakinka, kaza ba za ta yi maka magana ba.

Da ka roƙi littattafan nan na rasa inda zan sa kaina. In na ba ka, na aika Malam Ingila a ci gaba da yi masa dariya da wani harshe. In na hana ka, me zan ce maka? Shekaranjiya Talata da hantsi na sa hula na tafi. Tun da zaman ƙauye ya gagara yana nan cikin gari, gidan 'yarsa Rahila mai aikin jinya, bayan kasuwa. Shekara uku ke nan ina zagaye layin.

Na same shi a kujerar roba gindin mangwaro, bargo a gwiwa, idanun sun tafi. Na yi sallama, ban faɗi suna ba. Ya karkata kai ya ce, "Haruna ne. Muryar ba ta tsufa ba. Rahila, kawo wa yayanki kujera."

Ban hau kujerar ba, na zauna a ƙasa. Duk jawabin da na tsara a hanya ya gudu. Na ce, "Malam, na zo neman gafara. Na cuce ka."

Ya gyara bargon da ke gwiwarsa. Sannan ya ce, "Na saurare su duka, ka sani? Goma sha ɗayan. Rahila ke sayo mini a ɓoye kada uwarta ta gani. Na uku ya fi kyau, ka tsara shigowar mutane daidai. Na takwas ka yi gaggawa."

Na ce, "Malam, don Allah."

Ya ce, "Bari in gama. Ƙafa ba ta dame ni ba. Ƙafata ce, haka take, kowa yana gani. Waƙar coci ta yi mini zafi, amma na ce yaro ne, yana cikin baƙi, yana neman abinci. Abin da na kasa haɗiyewa ɗaya ne. Kaset goma sha ɗaya, Tichan nan bai taɓa koya wa yaro ko ɗaya komai ba. Kullum shi ne wawa, yara ne masu wayo. Ina saurare ina cewa, a na gaba zai bar shi ya koyar da wani abu, ko harafi ɗaya ne. Shekara talatin da biyar na yi da alli a hannu, Haruna. Ashe ba ka ga wannan ba?"

Na yi kuka, Nasiru, gaban Rahila da 'ya'yanta, ban ji kunya ba. Da na natsu na gaya masa maganarka da ta Ingila. Ya yi dariya har da tari, ya ce, "Ni za a kai Ingila? Ko Legas ban taɓa zuwa ba." Ya ce shi ba ya ba da izini ta bakin ɗan aike, kuma ba zai ce e ko a'a ba sai ya ji irin yaron da kake. "Ya zo da kansa ya zauna, ya tambaye ni, in gaya masa yadda ake koyarwa. In ya ga abin dariya a ciki, akwai kuwa da yawa, ya ɗauka. Amma nasa zai rubuta, ba naka ba."

Na ce, "To ni fa, Malam? Ka yafe mini?"

Ya lalubo kaina ya dafa. Ya ce, "Nawa na yafe tun kana Kumasi. Amma ba ni ka fi yi wa ba. Saratu ce ta bar kasuwar da ta yi shekara ashirin a cikinta, ta koma ƙauyen da ba ta san kowa ba. Duk Kirsimeti in kajinka suka iso sai ta tambayi mai babur, shi bai zo ba? Ta kira maƙwabcinmu Musulmi ya yanka, don in ka biyo baya ka iya ci. Ta dafa, ta rufe maka cinya a kwano har yamma. Ba ƙin ka take ba. So take ka zo ta zage ka ta huce. Shekara shida ke nan da rasuwarta. Kabarinta na can ƙauye, hanyar kuma ba ta biyuwa yanzu, ni kaina ban san ko zan sake taka wurin ba. Nata ba ni da ikon yafe maka."

Na dawo gida ban san ta inda na biyo ba.

To ga amsarka. Littattafan ba zan ba ka ba, don ba nawa ba ne balle su zama gadonka. Jiya na kai wa Rahila akwatin, su ƙona ko su ajiye, nasu ne. Na san wannan zai iya ɓata tsakaninka da masu gayyatar, don abin da suka gani suke so, kuma na san yadda ka ƙwallafa rai a kan tafiyar nan. In sun janye saboda haka, ka ɗora laifin a kaina, na ɗauka. Amma ka gaya musu gaskiya tun yanzu, ka ce musu kana da wani malami da za ka kawo, na gaske, su ba ka lokaci ka rubuta shi.

Ka zo ranar Asabar da motar safe, kada ka yi yamma a hanyar nan. Mu yi azahar tare, sannan in raka ka har ƙofar gidan. Ka je da haƙuri, yana maimaita magana, kuma in ya gyara maka Hausa kada ka yi musu, shi ke da gaskiya. Kada ka ce sai ka dawo daga Ingila. Ya kusa casa'in, Nasiru. Ni ma cewa na yi ta yi sai wani satin.

Allah Ya kiyaye ka daga sharrin hanya da sharrin baki, naka da na wasu. Ya sa ka ba mutane dariya ba tare da ka sa wani kuka ba. Ya kai ka lafiya, Ya dawo mana da kai lafiya, Ya ba garinmu zaman lafiya, Ya buɗe mana hanyoyinmu. In ka tsaya salla a can ka sa ni a addu'a, akwai wadda zan haɗu da ita gaban Allah ban roƙe ta ba.

Wassalam.

Mahaifinka,
Haruna
Birnin Gwari